A Dawo Mini da Hayaniyar Gidan Uwata

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Cibiyar Binciken Inganta Sadarwar Iska da Tsaronta,
Hawa na ƙarshe, inda ƙarar titi ba ta kaiwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, na'urorinku ma duk suna cikin ƙoshin lafiya. Ni bakanike ne, shekara ashirin da shida ke nan ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka duk inda harshena ya yi tuntuɓe, a yafe mini.

Wata uku da suka wuce na gan ka a talabijin, cikin kwat mai kyau, kana sanar da duniya cewa bayan shekara bakwai ana bincike, cibiyarku ta gano yadda waya za ta riƙa ɗaukar muryar mutum kaɗai, ta zubar da duk wata ƙara da ke bayansa. Ka ce layi zai yi sauƙi, batir zai daɗe, kuma ba mai iya gane inda kake daga abin da ya ji. Abin da kuka zubar ɗin ka kira shi "hayaniya marar amfani". Allah shaida ne na tafa maka a ranar, har shayi ya zube mini a wando. Kamfanonin waya suka karɓi tsarin hannu biyu, muka wayi gari duk wanda ka kira sai ka ji muryarsa fes, ba ko kukan kaza a bayanta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina da uwa mai shekara saba'in da huɗu, tana zaune ita kaɗai a wani gari mai nisan awa biyar a mota. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta amsa gaisuwa da wani abu ba sai "lafiya lau". Hayaniyar da kuka share, da ita nake sanin gaskiyar halin da take ciki. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da ƙananan koke-koke, kada in tayar maka da hankali tun ba ka gyara zama ba.

Na ɗaya, kun toshe mini kunnen sana'a. Rabin aikina ta waya nake yin sa. Direba zai tsaya a bakin hanya, ya buɗe bonet, ya kara wayarsa kusa da inji, ni kuma in rufe ido in saurara. Fanbel idan ya saki, tsuwa yake yi. Boris idan ya mutu, gurnani yake yi. Fulogi ɗaya ya ƙi aiki, sai ka ji inji yana ɗingishi. A watan jiya wani direba mai jigilar ƙwai ya kira ni, ya ce in saurara. Na kasa kunne na ji shiru, na ce masa ya tayar da motar mana. Ya ce, "Haba maigida, ta fi minti biyu tana kuka kamar akuya, kai ne dai ba ka ji?" Na ɗauka tsoro ne irin na direbobi, na ce masa ban taɓa jin inji mai santsi irin nasa ba, ya kama hanya abinsa. Bai yi kilomita goma ba injin ya buga. Ƙwai kiret ɗari biyu suka yini a rana, kuma abin da mutumin nan ya faɗa game da ni da iyayena ya iso kunnena tas, domin tsarinku bai rage ko harafi ɗaya ba.

Yanzu dabarar da muka samo ita ce mai mota ya kwaikwayi kukan injin da bakinsa, tunda murya kuna barin ta ta wuce. Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin dattijo mai furfura a gemu tsaye a gefen babban titi yana "karrr, kaf, kaf, karrr" cikin waya? Akwai wata lauya da nake duba wa mota, ta ƙware a gurnanin boris har abokan aikina suna roƙon in sa ta a lasifika. Shin wannan yana cikin ci gaban da aka yi shekara bakwai ana nema, ko kuwa gyara ce kuka ba mu a kai?

Na biyu, kun kore mini shaida a gida. A da idan matata ta kira ta ce ina nake, ba na ma buɗe baki, guduma da injin walda su ke amsa mata. Ba zan ɓoye maka ba, a makon farko na ji daɗin tsarinku, domin sau biyu na ce ina gareji alhali ina gidan kallon ƙwallo. Amma matata ba yarinya ba ce. Ta ce, "Tunda yanzu gareji da gidan ƙwallo muryarsu ɗaya, ni na ɗauka kullum kana gidan ƙwallo, sai ka kawo hujja." Ga shi ina dawowa gida da bayan da ya ƙage da ciwo, ana tambayata ci nawa aka tashi. A wane shafi na rahotonku aka yi lissafin wannan asara?

Na uku, batun tsaro. Na gode da kuka sa wayata ba ta buɗewa sai da zanen yatsana. Sai dai da alama a ɗakin bincikenku ba wanda ya taɓa sa hannu cikin baƙin mai. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa yamma, wayar da na saya da gumina ba ta san ni ba. In danna, ta ce ba ni ba ne. In goge yatsan a riga, ta ce in sake gwadawa. In sake, ta ce ta kulle kanta na minti biyar saboda ana ƙoƙarin yi mini sata. Ina yaba wannan kishi, kuma ina mai tabbatar maka cewa ɓarawon da kuka fi wahalarwa a ƙasar nan shi ne mai wannan wasiƙa.

Na huɗu, kuma daga nan wasa ya fara ƙarewa. Kun sa idan kira ya yi daƙiƙa ashirin ba wanda ya yi magana, sai ya yanke da kansa, wata murya mai zaƙi ta ce an katse ne don kada a ɓata layi. Ni da Inna ba mutanen dogon zance ba ne. Idan mun gaisa, ta tambayi jikoki, na tambayi ƙafarta, sai ta ajiye wayar a kan tebur ta ci gaba da hidimarta, ni kuma in jefa tawa a aljihun gaba in koma ƙarƙashin mota. Haka za mu yi rabin awa muna tare, ba wanda ya ce uffan. Shekara tara muna wannan, tun rasuwar mahaifina. Wane masani ne a cikinku ya auna wannan shirun ya ga babu komai a ciki?

Na biyar, bari in faɗa maka abin da ke cikin sharar da kuka kwashe. Akwai takun silifas ɗinta. Idan na ji ɗaya yana jan ƙasa fiye da ɗaya, gwiwar hagu ce ta motsa. Akwai rediyonta, wanda ƙararsa ke gaya mini yadda jinta yake raguwa. Akwai tarin da take juya baya ta yi a cikin mayafi, tana zaton ba na ji. Akwai keken ɗinkinta, wanda ranar da bai yi ƙara ba, na san jikin ne ba daɗi. Akwai kuma cokali a cikin kofi. Likita ya hana ta sukari, amma shayin da ba sukari juyi biyu yake buƙata, ba goma sha biyu ba. Ranar da na ƙirga mata, sai ta ce, "Kai dai wannan kunne naka gadon ubanka ne, shi ma haka ya hana ni sakat." Da wannan kunnen na kama hawan jininta bara, na kama zazzaɓin da ta yi kwana uku tana ɓoyewa. Ita tana ƙarya don kada ta ɗaga mini hankali, gidan kuma yana faɗa mini gaskiya a bayanta, kowa yana zaune lafiya.

Na shida. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce, Inna ta zame a banɗaki ta karye a ƙafa. Maƙwabciyarta ce ta ji kiranta, ta kai ta asibiti. Kafin a gama ɗaura mata filasta Inna ta sa baiwar Allahn nan ta rantse ba za ta faɗa mini ba. Kwana shida tana kirana daga kan gadon asibiti tana cewa lafiya lau. Ɗakin da take gado goma sha biyu ne. Akwai keken magani mai ƙafa ɗaya da ke ƙara duk inda aka tura shi, akwai fanka mai kaɗa kai, akwai wata tsohuwa a gadon kusa da ba ta daina nishi. A tsarin da, daƙiƙa uku sun ishe ni in gane inda take. A tsarinku na zamani, har yaba mata na yi, na ce muryarta ta yi kyau kwanan nan.

A rana ta bakwai ba ta ɗauki waya ba. Na kira kamfanin layi na roƙe su su duba mini inda wayar take. Wata ma'aikaciya mai ladabi ta bayyana mini cewa sabon tsarin tsaro yana kare sirrin kowane mai layi daga kowa. Na ce ni ɗanta ne. Ta ce ai tsarin bai ware 'ya'ya ba. Ina taya ku murna, ranka ya daɗe, kun gina katangar da ba a taɓa gina irinta ba, kuma mutum na farko da ta tare shi ne ɗan da yake neman uwarsa.

Maƙwabciyar ce ta gaji ta kira ni da rana tsaka. Ta ce, "Na yi rantsuwa ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma da ni ce kai, da yanzu ina gidan mai." Ban san yadda na yi tuƙin awa biyar ɗin nan ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na ji kunya, na kuma ji haushin kaina da na ku. Da na shiga ɗakin, Inna ta dube ni, ta dubi wayar da ke kan matashinta, ta ce, "Wa ya tona? Na san dai ba wannan ba ce, 'yar kirki ce, ta fi ku duka riƙon amana." Na yi dariya don kada ta ga idona, sannan na fita baranda na yi abin da ban yi ba tun ranar da muka binne mahaifina. Ta ce idan na rubuto maka in isar da gaisuwarta, wai Allah ya yi maka albarka. Na isar, domin ni ɗa ne mai bin umarni.

Kada a ɗauka ni maƙiyin bincike ne. Na san akwai mutanen da ɓoye inda suke shi ne tsirarsu, na kuma san batir yana daɗewa, na gani da idona. Abin da nake roƙo ƙarami ne a wajen masu ilimi irinku. Ku sa mana maɓalli ɗaya, ko a can ƙasan allo inda ba zai ɓata muku ado ba, wanda iyali za su danna, waya ta bar hayaniyar gida ta wuce. Ku kuma ƙyale shiru ya yi tsawon da masu shi suka ga dama. Idan ana buƙatar ƙarin nazari kafin a yi haka, ƙofar garejina a buɗe take, ku turo masananku su yini da mu, amma su zo da kayan da ba sa jin tsoron ɓatawa.

Sai dai ina tunatar da mai girma Darakta cewa ba ni da wata shekara bakwai. Ranar Talata za a sallami Inna. Na yi roƙo, matata ta yi roƙo, jikoki sun yi kuka a waya, ta ce ba inda za ta, gidanta za ta koma, ba za ta zama kaya a ɗakin kowa ba. An ba ta sandar dogarawa mai ƙafa huɗu, an koya mata yadda za ta taka daga gado zuwa banɗaki, taku goma sha huɗu. Zan kwana uku da ita, daga nan dole in koma bakin aiki. Ranar Asabar da safe zan kira ta, kuma na riga na san amsar da za ta ba ni. Ba wannan amsar nake roƙon ku ba. Ku bar ni kawai in ji sandar nan tana taɓa ƙasa, in ƙirga har goma sha huɗu.

Ina durƙushe da gwiwa biyu a gaban iliminku, da digirorinku, da dukan eriyoyin da ke kan rufinku. Allah ya ƙara basira, ya ja zamanin cibiya.

Naka mai biyayya, wanda wayarsa ba ta shaida shi sai ya wanke hannu,

Bakanike, ɗan fari a wajen Inna,
daga kujerar roba da ke gefen gado na tara.