Takardun A-kori-kurar Malam

"Sanyi kam da godiya. Ke fa, tsohuwa, ashe kin kwana? Ni da na zo da shirin karɓar gaisuwa."

"Ka ci kanka, Maigida. Sai na ga furfurar 'ya'yanka tukuna. Miji ne kai ko almara, da za ka shigo wa matarka da safe hannu na dukan cinya?"

"Matar da haƙoranta ba su cika goma ba, me zan kawo mata? Tsire?"

"Kawo ka gani. Tsohuwar zuma da ita ake magani."

Safiyar Juma'a ce a unguwar Ali Kazaure, cikin Agustan 2006, ana irin yayyafin nan na Jos da ba ya jiƙa riga sai dai ya shiga ƙashi. Sharafaddeen yana tsugune a ƙofar ɗakin kakarsa, Iya Hasiya, bakinsa na zuba, idonsa kuwa yana kan agogo.

Maganar mota ce ta kawo shi. Kakansa, marigayi Malam, ya bar wata tsohuwar fijo a-kori-kura. Da aka raba gado ta faɗo a kason Iya, ita kuma ta ba jikan kyauta, da baki kawai. Shekara uku yana dakon tumatir da ita a kasuwar Farar Gada da takardun mamaci, ba wanda ya taɓa tanka masa. Sunan kakan aka sa masa, don haka ɗan sanda na ganin Sharafaddeen a lasin, ya ga Sharafaddeen a takarda, sai ya ɗaga hannu. To, sai ga wata gonar shanu a Vom ta ce za ta ba shi jigilar madara kullum zuwa cikin gari, aikin da mutum zai yi aure a kansa. Manajan gonar kuwa irin mutanen nan ne masu karanta takarda har ƙarshen layi. Ya ga sunan uba ya bambanta, ya ce ran Litinin a kawo takardar mallaka da sunan direba, in ba haka ba akwai mai jira. Ofishin lasin suka ce ba za su canza suna ba sai matar mamacin ta je kotu da kanta ta yi rantsuwa.

"Tashi ki ɗauko takardun. Yau Juma'a, sha biyu kotu take rufewa."

"Ji shi! Yau ni ake wa tashi-tashi? Jiya-jiyan nan nake wanke maka kashi."

"Aikinki ne ai. Wa ya ce ki auri yaro?"

"Ƙaddara. Na farkon mutum ne, na biyun jarrabawa."

Ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado, ta fito da takardun a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Sun yi ja, suna ƙanshin turaren wuta. Ta ƙi miƙa masa, ta cusa su a jakarta, ta yafa mayafi biyu saboda sanyi. A ƙofar gida ta tsaya gaban motar ta dafa ta.

"Gaishe ta. Ta girme ka da shekara guda."

"Ku biyun duka sai an tura ku kuke tashi."

"Amma mu biyun muke ciyar da kai."

"In kika cika a hanya ma, gaba ta kai ni, gobarar Titi. Na huta da gori."

"Sai ka ɗauki gawata ka kai wa manajan naka ta yi masa rantsuwa. Ja mu je, direban tumatir."

Akwai abin da duk gidan suka sani, shi ma ya sani, amma gaggawa ta mantar da shi. Tun da aka kawo Hasiya gidan Malam, lokacin yana yaron mota a kamfanin kuza, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Malam take cewa, ko ta ce shi. Da aka haifi jikan aka mayar da sunan, sai ta laƙaba masa Maigida. Ko a can unguwar Rikkos ta ji ana kiran wani mai irin sunan, sunkuyar da kai take yi ta wuce. Matan zamaninsu haka suke, kuma ba wanda ya taɓa ganin ranar da abin zai zama matsala.

A kotu, sai sha ɗaya da kwata layi ya zo kansu. Akawun rantsuwa, Mista Gyang, mutum ne siriri mai tabarau, yana zaune bayan tafireta da rigar sanyi har wuya. Ya karɓi takardun ya buɗe, ya dube su su biyu.

"Mama, wannan mene ne naki?"

"Mijina ne."

"Ba an ce mijinki ya mutu ba?"

"Na kirkin ne ya mutu. Wannan ragowar ce aka bar mini."

Gyang ya juya ga saurayin. "Kai, ina ka samo ta?"

Da mai hankali ne, da a nan ya kama bakinsa. Amma Sharafaddeen bai taɓa barin tsohuwar ta yi magana ta ƙarshe ba, ba kuma yau zai fara ba.

"Oga, a kasuwar Taminus na tsince ta tana tallan goro. Ka san bana tsofaffi sun yi araha."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya! Ni ce na tsince ka, a kwandon masu gwanjo."

Mutanen da ke kan benci suka kwashe da dariya. Gyang bai yi ba. Ya cire tabarau, ya kife takardun a kan tebur, ya ɗora tafin hannu a kansu.

"Na san wasan jika da kaka, a garin nan aka haife ni. Wancan watan wani yaro ya kawo mini wata mama, suka yi ta irin wannan wasa har na yi hawaye don dariya. Na buga hatimi. Ashe hayar ta ya yi daga tasha, motar ta marayu ce. Saura kaɗan aikina ya tafi. Saboda haka, Mama, abu ɗaya zan tambaye ki. Mene ne sunan mijinki?"

Baki shi ke yanka wuya. Sai a lokacin Sharafaddeen ya tuna abin da ya manta.

"Sunansa Malam," in ji Iya.

"Malam wa?"

"Malam mai fijo mana. Je ka tashar Bauchi ka tambaya, har kuturun bakin ƙofa ya san shi."

"Ba tasha na tambaya ba, ke na tambaya."

"To, sunan wannan ja'irin ne. Shi aka mayar."

"Madalla. Faɗe shi."

"Oga, ka yi haƙuri, wallahi kakata ce, wasa nake. Sunan shi ne..."

"Kai, in ka ƙara buɗe baki, waje za ka fita."

"Ka ji ko?" Iya ta ce, tana hararar jikan. "Shekara ashirin da bakwai ina neman mai rufe mini bakin nan, ashe yana kotu. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Sai ta rage murya. "Amma ka san mu ba ma faɗin sunan miji. Kunya ce."

"Na sani, Mama. Waccan ma da kunya ta fake."

Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ya ce za a kawo, amma bayan suna. Ta lissafa masa 'ya'yanta bakwai da unguwar da kowa yake, ta faɗi ranar da aka sayo motar da launin rigar da Malam ya sa, ta ce akwai tabon ƙuna a kujerar direba inda garwashin shayi ya faɗa. Gyang ya saurara tsaf, ya ce duk wannan ana iya koya wa mutum a hanya. Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata. Na bayansu suka fara tsaki.

"Tsohuwa," Sharafaddeen ya ce a hankali, "kalma ɗaya ce fa. Ba zai ji ba."

"Kai ka san abin da yake ji? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wa ya aike ka Taminus?"

"Ke kika fara cewa ni mijinki ne."

"To ƙarya na yi?"

Ta faɗi haka da ƙarfinta, amma ya ga hannunta yana rawa a kan jaka. Ya san hannun nan. Da shi take finciko kunnensa, da shi take tura masa ƙosai a ɓoye, bai taɓa ganin ya yi rawa ba ko ranar da aka fita da Malam. Tausayinta ya kama shi, kunyar kansa kuma ta rufe shi. Ya tuna madarar Vom, ya tuna mai jiran da manaja ya ambata, ya haɗiye. Ya miƙa hannu ya ɗauki jakarta.

"Tashi mu tafi, Iya. Tumatir bai kashe kowa ba. Oga, ba mu takardunmu."

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa kake ce wa Iya?"

"Ke mana."

"La ilaha illallahu! Ka ga alamar mutuwa a fuskata ne da za ka fara yi mini ladabi? Ajiye mini jaka, marar kunya. A ce mijina yana yawo da kwandon ruɓaɓɓen tumatir, matan unguwa suna yi mini dariya? Ba da ni ba."

Ta gyara zama. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kamar amaryar jiya, ta kafa ido a kan tafireta. Ana jin yayyafi a kan kwano. Bakinta ya motsa sau biyu ba abin da ya fito. A na uku muryar ta fito, ƙarama, ba irin wadda aka sani ba.

"Sharafaddeen. Sharafaddeen Gwadabe."

Gyang ya ɗaga hannu ya juya takardar, ya duba, ya mayar da tabarau. Ya zura takarda a tafireta ya hau bugawa. Sharafaddeen ya ga idon tsohuwar ya ciko, ya san in aka bar ta haka za ta yi kuka a gaban mutane, kuma ba za ta yafe wa kowa ba.

"Na'am, amarya," ya ce. "Kin kira ni?"

Jakar ta sauka a ƙeyarsa, tim.

"Ba da kai nake ba, mai muryar agwagwa! Wanda na kira, in ya amsa, sai ofishin nan ya watse."

Wannan karon har Gyang sai da ya dara. Aka kawo Alƙur'ani ta dafa, ta dangwala babban yatsa, hatimi ya sauka sha biyu saura minti uku. Gyang ya ce ofishin lasin suna buɗe har ƙarfe huɗu, su wuce can bayan masallaci. Ya miƙa wa saurayin takardar, Iya ta riga shi cafewa.

A waje suka tsaya ƙarƙashin baranda suna jiran ruwa ya tsagaita. Tana ta goge shuɗin tawada a gefen zani, ba ta dube shi ba.

"Maigida."

"Na'am."

"Ashe da daɗin faɗa. Shekara hamsin da biyu na bar wa 'yan tasha suna ta morar abina."

Ya buɗe baki ya nemi abin da zai mayar mata. Ya laluba ko'ina, bai samu ba.

"Au, ka yi shiru? To yau na ci." Ta ƙyalƙyale da dariya, tana share ido da bakin mayafi, ta manna masa takardar a ƙirji. "Ungo. Je ka sa sunan a motar, ka riƙe mini shi da kyau."