Rasuwar Rigar Sojan Baba Halliru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Turai, ɗiyar marigayi Halliru Ɗan Bama na Lahodu, nake sanar da dangi da abokan arziki na Wurno da Rabah da Goronyo rasuwar rigar sojan mahaifinmu. Ta cika ranar sha biyar ga Janairu, a filin wata makarantar sakandare a Rabah, gaban jama'a, ana ta tafi. Ta haura shekara tamanin a duniya.

Marigayiya kaki ce mai aljihu biyu da maɓallan ƙarfe. Ita ta raka Baba yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu, ita ta dawo da shi. A kafaɗarta akwai bajo guda, ɗan ƙyalle rawaya da bai kai tafin hannu ba, an zana gammo a kansa da baƙin zare, mashi biyu sun gitta bisa. Gammo dai wanda kunka sani, na ɗaukar kaya. Baba bai taɓa samun ko igiya ɗaya ba, ɗan dakon soja ne. Wata takwas yana ɗauke da akwatin harsashi cikin daji da ruwan sama, har gashin tsakar kansa ya tafi bai dawo ba. In yara sunka tambaye shi mutum nawa ya harbe, sai ya dafa bajon ya ce, "Ni ban harbi kowa ba. Bisa kai munka kai yaƙin, ga shaida." Bai bar hoto ba. Takardar sallamarsa gara ta cinye. Wagga riga ita kaɗai ta rage mai faɗin abin da ya yi.

Shaidar da zan ba marigayiya ita ce ba ta taɓa ƙara wa kanta gishiri ba. Ba ta da kwaɗayi, ƙwayar kafur biyu ta ishe ta shekara. Bayan kaka nakan fiddo ta daga akwatin ƙarfe ta sha iska. Sai ta ce ƙwaras-ƙwaras in na warware ta, maɓallanta su ce ƙil a bakin murfi. Iyakar maganarta ke nan, ta koma ta kwanta.

Ciwon ajalinta ya shigo gidana da sallama. Malam Siddiq ne, ɗan ƙanena, mai koyar da tarihi. Ya ce ɗalibansa za su yi wasan kwaikwayon yaƙin Bama ranar tunawa da 'yan mazan jiya, suna son kayan su fito daidai da na da. Ya ce tela zai duba bajon ne kawai ya kwaikwaya, ya rantse ko allura ba za ta taɓa ta ba. Gwaggo kaza, Gwaggo kaza, har na miƙa. Wautata ce, ba na ɓoyewa.

Anka kai ta Goronyo wurin Habibullahi, mai keken ɗinkin ado. Shi kuwa gwani, da ya ga gammo sai ya ji kunya a madadinmu. Ya sa reza ya ɓalle shi. Ya dasa mikiya a gurbin, mikiyar da ta fi kama da zabo. Ya jera anini uku-uku na zaren gwal a kafaɗu, ya liƙa jan ƙyalle a wuya. Bai tsaya nan ba, ya manna mata tutar Najeriya a ƙirji, tutar da ba a haifa ba sai da Baba ya kusa shekara sha biyar da dawowa. Sannan ya rataya mata igiyar labule. Igiyar labule, jama'a! Tir da wanga aiki.

Ban sani ba sai ranar wasa. Anka zaunar da ni kujerar gaba, anka ba ni ruwan leda. Sai ga wani ƙaton ɗalibi ya fito cikin rigar ubana, maɓalli na neman tsinkewa, mai lasifika yana kirari wai ga Janar Halliru na Lahodu, wanda ya kori abokan gaba shi kaɗai. Soja goma sha biyu ke bayansa, duk hafsoshi, kowa da mikiyarsa. Ba wanda ya ɗauki ko buhun gishiri. Na miƙe tsaye, mutane sunka ɗauka daɗi ne ya kama ni, sunka juyo suna tafa mani. Nan na san marigayiya ta cika.

Washegari na shiga mota har Goronyo. Na ishe Habibullahi yana cin goro, ko gezau. Ya ce, "Hajiya, mi na laihi? Girma na ƙara mai. Wa ka son a ce ubanai ɗan dako na?"

Na ce, "Ni."

Siddiq kuwa yana gefe yana sosa ƙeya, wai ai an yaba wasan, har manyan baƙi sun ce tarihi ya fito. Malamin tarihi ke nan fa.

Marigayiya ta bar bel guda wanda ya bushe, da malafar soja da asu ya fara taɓawa, da akwatin ƙarfen da sunka zauna tare tun kafin a haife ni. Ta bar ni. Ta kuma bar jikokina guda tara, kuma a nan ne abin ya fi ci mani rai. Hoton wasan ya zaga wayoyi, yanzu suna bin unguwa suna cewa su jinin Janar ne. In na ce a'a, Baba kaya ya ɗauka, kuma ba abin kunya ba ne, sai su yi dariya su ce tsufa ya fara taɓa ni, ai sun gani da idonsu. Ba ni da abin da zan nuna masu.

Za a yi sutura ranar Alhamis da hantsi, a gidana da ke Wurno. Ni da kaina zan sa reza in cire mikiya da anini da tuta da igiyar labule, Malam Siddiq ya mayar wa mai su. Daga nan a ninke abin da ya rage a sa a akwati. Babu zaman makoki, ba a dafa komai. Tela ko na wane gari ne, ya yi ta'aziyyarsa daga nesa.

Sai roƙo guda. Habibullahi ya ce bajon ya bi shara cikin guntayen ƙyalle, wani mai cusa matashin kai ya kwashe buhun, ya kai kayansa kasuwannin Rara da Tursa. Don Allah duk wanda ya sayi sabon matashi a wanga tsakani, ya daure ya farke shi ya duba. Ni zan ɗinke masa abinsa da hannuna. Wanda Allah ya sa ya gani, kada ya wanke, kada ya goge, kada ya gyara mani komai. Ya kawo shi da dattinsa.