Ragon da Ya Shugabanci Ƙauye Goma Sha Biyu

Kwana biyar na yi ina samun horo a Yamai, na dawo Diffa ina jin ni ne uban intanet. Ƙungiyar manoman tattasai ta ba ni aikin gina mata shafi, kowane ƙauye na bakin kogin Komadugu da nasa, da hoton shugabansa. Manhajar tana da uwar shafi guda, abin da ka saka mata shi sauran ke ɗauka. A wannan darasin ne na yi gyangyaɗi.

Hotunan shugabanni ba su iso da wuri ba, sai na saka wa uwar hoton ragona don gwaji. Da suka iso na loda su, na wallafa, ban duba ba. Dubawa ai aikin 'yan koyo ne.

Ranar taro na haska shafin a bango. Ga suna, Alhaji Bukar, Shugaba. Ga ragona yana tuƙa.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, yaushe na yi ƙaho?"

Daga baya Hajiya Falmata, wakiliyar wani ƙauyen, ta ce, "Wuce gaba mu ga namu." Nasu ma shi ne. Ta ce, "Wallahi ya fi namu kwarjini."

Ƙauye goma sha biyu, rago ɗaya.

Da Babbar Salla ta zo na fito da wuƙa, maƙwabta suka tare ni: "Malam, juyin mulki za ka yi?"

Ragon yana nan yana cin dusata. Har yau sai an tambayi lafiyar Shugaba kafin a tambayi ta iyalina.