Tayar da Ba Ta Kwanciya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki gawar surukina a motar Bature ba. Na yi tuƙi har bayana ya ƙage, na ga abin kunya iri-iri a hanya, amma wannan shi ne nawa na kaina.

Lokacin garinmu ma Abuja ake kiransa, ba a mayar da shi Suleja ba tukuna. Masu awon ƙasa sun cika gari saboda sabon birnin da aka ce za a gina, ni kuma na samu aikin direba wajen wani Bature injiniya. Motarsa doguwa ce mai ƙofa a baya, daga ƙasarsu ya zo da ita, kuma babu safayar taya a cikinta. Da na tambaya, kukunsa ya fassara mini cewa tayoyin na musamman ne, ko ƙusa ta huda su ba sa kwanciya. Baturen ya ƙara da wata doguwar magana yana ta yin ƙasa-ƙasa da tafin hannu. Ban saurara ba (na riga na samu abin da zan faɗa a tasha).

Surukina, Baba, manomi ne a wani ƙauye bayan dutsen Zuma. Bai taɓa shiga motata ba. Ko na tarar da shi a hanya da buhu a ka na tsaya, sai ya yi mini godiya ya ce in wuce, ƙafarsa ta san gida. Abin yana cina, don ina ganin raini ne, amma suruki ba a ja da shi. Ciwon ajalinsa ma da ƙafa ya kawo shi gari. A gidana ya yi jinya, ya cika da hantsi cikin bazara, bayan ya bar wasiyya a binne shi kusa da mahaifinsa a ƙauye.

Aka yi masa wanka da sutura, aka tura mai keke ƙauye ya ce a fara haƙa kabari. Kawu Audu, ƙanen marigayin, ya ce a ɗauki makara a kafaɗa tun da sauran rana, ana karɓa-karɓa za a isa kafin magariba, don mutanen ƙauyen ba sa binne gawa da duhu, kuma ba wanda yake so ta kwana. Ni na hana. Na ce ina da mota a hannu ba za a wahalar da mutane ba. Gaskiyar magana, so nake dangin matata su ga amfanina ko sau ɗaya.

Baturen ya ba ni motar ba musu. 'Yar tirelar da muke jan kayan awo da ita kuwa ni na ɗauro ta ban tambaya ba. Neman izini da ɗaure tirela suka cinye mana azahar, har aka yi la'asar. Muka kwantar da kujerar baya muka zura makara, Yaya Sale, wan matata, ya tsuguna a gefenta. Kawu ya zauna gaba. A tirela aka loda itacen rufe kabari, da buhunan dawa na sadaka, da tabarmi, sannan duk namijin da ya samu wurin ɗora gindi ya hau, har da liman. Bayan motar ya sunkuya har ana gani. Yaya Sale ya tambayi safaya, na ce masa wannan mota ta wuce nan.

Ina jin tun wajen masu katako muka taka ƙusa. Taya irin tamu da ta faɗa mini, ta yi huci ta kwanta. Wannan kuwa ta yi shiru da bakinta. Sitiyari dai ya ɗan yi nauyi, motar tana ja dama, na ce lodi ne, na ƙara wuta don rana ta fara karkata.

Muna hango dutsen Zuma sai mutanen tirela suka fara ɗaga hannu. Na gan su a madubi, na ɗaga musu nawa. Can Kawu ya ja hanci.

"Ɗan nan, ƙauri nake ji. Tsaya ka duba ƙafar motar nan."

"Kawu, kwantar da hankalinka," na ce. "Wannan tayar ba ta mutuwa."

Da gawa kwance a bayana na faɗi haka. Kawu ya ci gaba da jan carbinsa, sai da ya kai ƙarshe ya ce, "To, ita kaɗai ke nan."

Ba mu yi nisa da sauka kan burji ba tayar baya ta dama ta tarwatse. Ba fashewa ta yi ba, narkewa ta yi ta yayyage, ƙarfen tayar ya dira ƙasa. Tirela ta yi wutsiya ta tura mu gefe, ta zubar da dattawa da dawa cikin kwari. Makara ta zame ta nufi ƙofar baya, wadda dama da igiya muka ɗaure ta. Yaya Sale ya rungume ta da ƙirjinsa yana salati. Allah ya rufa asiri, Baba bai taɓa ƙasa ba, kuma ba wanda ya karye, sai ƙujewa da rawanin liman da ya yi jar ƙasa.

Na fito na tsaya kan tayar tana hayaƙi. Da an zage ni da na ji sauƙi. Kawu ya dubi rana, ya ce a yi bisimilla. Suka zaro makara suka ɗora a kafaɗa, kamar yadda ya ce tun da hantsi, sai dai yanzu ba sauran lokacin tafiya a natse. Na matsa in kama gefe ɗaya, Yaya Sale ya ce, a hankali, "Bar shi, direba. Ɗauko itacen."

Haka na bar motar Bature a daji, na ɗora itacen kabari a ka, da farar rigar aiki mai maɓallan ƙarfe da takalmin da ban taɓa tafiyar ƙasa da shi ba. Tsofaffi suna sassarfa da gawa, ni matashi ina can baya ina haki. Sun isa, sun yi salla, sun sa shi a kabari, sannan gari guda ya tsaya cirko-cirko yana jiran itace. Na ratsa tsakiyarsu ina ɗingishi, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Aka karɓa aka jera, aka rufe shi ana kiran magariba. Da ƙyar, amma bai kwana ba.

Washegari kuku ya fassara mini sauran maganar da ban saurara ba: idan ta huje, a tafi a hankali, ba kaya, ba tirela, zuwa gareji mafi kusa. Baturen bai kore ni ba, amma motar ta yi watanni kan duwatsu ana jiran taya daga ƙasarsu, ni kuma aka mayar da ni wanke ta.

Bayan sadakar bakwai na yi ƙarfin hali na ce wa matata, ko ba komai Baba ya shiga motata sau ɗaya. Ta ɗago ido jajur ta dube ni.

"Ya shiga," ta ce. "Ya kuma sauka."

Tun daga ranar, in mutum yana mini bayani, sai ya rufe bakinsa nake tashi. Kuma in na tarar da tsoho a hanya ya ce in wuce, wucewa nake yi.