Kwana Ukun da Na Kwanta a Asibitin da Ban Je Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo gidanmu a Bukkuyum da takardar tambayoyi. Lokacin ina aiki a injin niƙa dutsen zinari na Kawu, ƙanin Inna, gari kuma ya ɗauki maganar gubar dalma. An ce duk wanda ya ce yana ciwo za a hana shi zuwa injin. Ni kuwa injin nan ne tuwona.

Ta zauna kan tabarma, Kawu na gefe (gaida Inna ya zo, ƙaddara ta zaunar da shi).

Ta ce, "A shekarar nan sau nawa ka je asibiti?"

Na daki ƙirji. "Ni? Ko ƙofar ban sani ba, Malama."

"Kwana nawa ciwo ya hana ka aiki?"

"Ko ɗaya."

Tana cikin rubutawa Kawu ya yi gyaran murya. "To kwana ukun da kac ce an kwantar da kai asibitin Anka hwa? Har ruwa leda biyu kac ce an ƙara maka."

Jama'a, ƙarya na yi wa Kawu, kwana ukun nan garin Gummi na tafi kallon kokawa. Da zan dawo na sayi filasta a kemis na manna a bayan hannu. In na ce na kwanta, Malama ta raba ni da injin. In na ce ban kwanta ba, Kawu ya kore ni. Na ce, "Au, na manta." Ta nemi katin asibiti, na ce akuya ta cinye (ba mu da akuya).

Inna ta jingine taɓarya. "Malama, goge duka. Kokawa yat tahi kallo. Amma da damina mako guda ya yi cikinai na murɗawa, yana tahiya injin a duƙe, ni nib ba shi jiƙo. Wannan za ki rubuta."

Na sunkuyar da kai. Abin da ya fi ba ni kunya, wallahi wannan da gaske na manta shi. Tunda ban kwanta ba, ban ma sa shi a layin ciwo ba. Na ƙarya nake riƙe da shi har da yawan leda, na gaskiyar ya ɓace min.

Aka ɗebi jinina, aka ga dalma, aka ce in je Anka karɓar magani. Kawu bai kore ni ba. Cewa ya yi, "Hau babur, ja'iri. Wagga tahiya ni za ni kai ka, in ga ledar da idona."

Tun daga ranar, in na ji rediyo na karanta yawan marasa lafiya sai in ce ko irina nawa ne a ciki. Ni dai in aka zo tambayar lafiyata yanzu, Inna nake kira ta amsa.