Farar Sandar Malam Bobbo

Yana cikin goge sandar da hankici, kamar kowace safiya, daga kai har gindi, yana hura mata iska kamar mai lallashin jariri. Malam Bobbo ke nan, Sakataren Kwamitin Jin Ƙan Makafi na garin Gombe, wanda masoyansa ke kira Fitilar Marasa Gani. Masoyan ba su da yawa, amma shi ma yana cikinsu, kuma muryarsa ta wadatar.

A shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, suka sauko kamar ruwan Agusta, kwamiti ya sayo fararen sanduna daga Ingila, masu naɗewa. Malam Bobbo ya dube su, ya dubi ƙasar Gombe, tausayi ya kama shi. Tausayin sandunan. Ya kulle su a kabad, ya sa wa kowace farashin keke.

"Abu mai daraja ba ya arha," in ji shi. "Wanda ya ba talaka kyauta ya raina shi."

Guda ɗaya ya fitar, wai don talla. Ya haɗa ta da baƙin tabarau irin na manyan Ikko. Daga ranar duniya ta gane shi. In ya ratsa Kasuwar Gombe 'yan dako su dare, masu amalanke su kauce, motar auduga ta tsaya cak. Shi kuwa sai ya ɗaga haɓa. Girma, ai ba ya ɓuya.

Yau ma bai gama gugar ba aka yi sallama. Lois ce, makauniya 'yar Kaltungo, wadda ta samu aikin haɗa kiran tarho a wani kamfani. Tsakaninta da aikin akwai babban titi, karan dawar da take dogarawa kuwa direbobi ba sa ganinsa. Ranar Litinin za ta fara, ko a ba wani. Maƙwabciyarta Inno mai fura ce ta riƙo hannunta.

"Ranka ya daɗe," in ji Lois, "a rage mini kuɗin sanda, in biya in an yi albashi."

Malam Bobbo ya gyara murya. Ya yi bayanin jirgin ruwa, da kwastan, da martabar kwamiti a idon duniya.

"Haba Malam," in ji Inno, "kai da ka fi kowa sanin zafin abin? Jiya ma ni na daka wa mai mota tsawa, na ce tsaya makaho ya wuce. Duk kasuwa ana yaba maka, wai ga shi ba ido amma ga tsafta."

Ashe kallon kitse Malam Bobbo ya daɗe yana yi wa rogo: ba girma ake ba shi ba, makaho aka ɗauke shi.

Sandar ta suɓuce masa, ta gangara ƙarƙashin tebur. Lois ta bi ƙarar, ta lalubo ta.

"Ga ta, ranka ya daɗe."

"Tafi da ita! Na bar miki!"

Rangwamen farko ke nan a tarihin kwamiti. Ya fizge tabarau don duniya ta shaida yana gani, ya nufi ƙofa da sauri. Rana ta kashe masa ido, kafaɗarsa ta daki bango.

Lois ta ƙwanƙwasa dokin ƙofa da sabuwar sandarta.

"Hagu kaɗan, ranka ya daɗe."

Ya yi hagu kaɗan, ya fita.