Ranar da Kawu Sale Ya Gatsi Netsuke Ɗina

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Kawu Sale aikin umara ba, kuma na san shi ma haƙorinsa bai manta ba.

Ni mutum ne mai kunya. Daga jami'a sai ɗakina a gidanmu na unguwar Aziziyya a Makka, sai littafi, sai netsuke. Wani ɗan sassaƙaƙƙen maɓalli ne da mutanen Japan na dā suke zura wa igiya su rataye jaka a ɗamara, don rigarsu ba ta da aljihu. Baba ya ce ba a shigo masa da siffar abu mai rai, saboda haka masu kamar 'ya'yan itace kawai nake tarawa. Wanda na fi ji da shi na katako ne, ruwan ƙasa, a yamutse kamar busasshen dabino (a nan matsalar take).

Ran nan na ɗora shi a ƙaramin faranti a falo zan ɗauki hotonsa, don tagar nan ta fi haske. Na je ɗauko tabaran ƙara girma, na dawo na tarar Baba ya shigo da Kawu, yayan Ummi, wanda ya sauka daga Kano. An zuba gahawa, an ajiye dabino dab da farantina.

"Tafaddal, bismilla, Alhaji," in ji Baba.

Kawu ya tsallake dabino cike da kwano, ya zaɓi nawa. Ina kallo. Kalma ɗaya ta isa, amma ni da ban taɓa katse babba ba, sai na tsaya ina tsara jimla mai ladabi a raina. Kafin in gama, ya yi bismilla ya jefa a baki. Ya tsotsa, ya juya shi, ya ce, "Na Makka akwai albarka, amma wannan ya sha rana."

Sai na ji ƙas.

"Kawu, tofar! Ya girme ka!"

Na tara masa hannu a haɓa kamar yaron da ya haɗiyi kwabo. Ya tofo. Na goge da bakin rigata, na durƙusa gaban taga da tabarau ina duba kowace kusurwa. Ko ƙwarzane babu. Na yi doguwar hamdala, har da murmushi.

"To, mun gode Allah da katako ya tsira," in ji Baba a hankali. "Kawun naka fa?"

Na waiwaya. Kawu na riƙe da muƙamuƙi, rabin haƙori a tafin hannunsa.

"Ƙyale shi, Alhaji," ya ce. "Ɗan nan, tunda ya girme ni, ka gaishe min da shi."

Ni na kai shi wurin likitan haƙori a Kudai, yana ba direban tasi labarin tun daga farko.

Tun ranar na gane cewa kunyar da ta hana ka magana a kan lokaci, ita za ta sa ka yi ihu gaban babanka.